KUƊIN WUTA SUN YI YAWA: INA WUTAR TA TAFI?

A Yamai, Maraɗi, Damagaram, Tawa da sauran garuruwa, gidaje da yawa suna da wutar lantarki. Ta kai har wasu ƙauyuka. Wuta tana da amfani ƙwarai. Yara suna karatu da dare. Ana ajiye abinci da magani cikin sanyi. Mata suna sana'ar ƙanƙara da lemu.

Amma kowane wata takardar kuɗin wuta tana zuwa. Wani lokaci gidan da ya saba biyan jika 10 sai ya ga an rubuta mashi jika 25. Daga nan sai rigima ta tashi. Mai gida ya ce uwar gida ce da gugarta. Uwar gida ta ce yara ne da wayoyinsu. Ƴan haya su zargi juna. Wasu su ce kamfani ne ya yi zalunci. Idan ba a biya ba, a yanke wuta. Idan an biya, kuɗin hatsi sun tafi.

Zargi ba ya rage ko tamma ɗaya. Wuta abu ce da ake aunawa. Duk wanda ya iya karanta lamba, ya iya ɗebewa da ninkawa, yana iya biɗar dalili da kansa. Abin da ake bukata shi ne kaye ɗaya, da alƙalami, da haƙurin kwana bakwai.

WUTA HAJA CE, TANA DA TIYARTA

Kamfanin wuta na ƙasa, NIGELEC, an kafa shi a 1968. Wutar da yake sayarwa tana fitowa daga wurare dabam-dabam. Tun 1976 aka ja babbar waya daga Najeriya zuwa Yamai, ta Birnin Kebbi, domin kawo wutar madatsar ruwa ta Kainji. Wata wayar ta taso daga Katsina zuwa Gazawa, domin Maraɗi da Damagaram. A Anu Araren, cikin jihar Agadas, ana ƙona gawayin ƙasa a samu wuta tun 1981. Akwai injunan da ke shan mai. Akwai kuma tashoshin hasken rana, kamar ta Malbaza da aka buɗe a 2018, da ta Goru Banda kusa da Yamai da aka buɗe a 2023.

Ke nan wuta haja ce. Ana kashe kuɗi kafin ta iso gida, kuma da awo ake sayar da ita. Hatsi yana da tiya. Mai yana da lita. Ita wuta tiyarta ita ce kilowat. A takarda ana rubuta ta da haruffa uku: kWh.

Abin da ke yin awon shi ne kontar, wadda wasu ke kira mita. Tsohuwar kontar tana da faifai mai juyawa. Sabuwa tana da ƙaramar fitila ja mai ƙiftawa. Idan gida yana shan wuta kaɗan, faifan yana tafiya a hankali, fitilar tana ƙiftawa jefi-jefi. Idan gida yana shan wuta da yawa, faifan yana gudu, fitilar tana ƙiftawa da sauri. Kontar ba ta san wanda ya sha wutar ba. Duk abin da ya ratsa ta cikinta, ƙirga shi take yi.

YADDA AKE LISSAFIN KILOWAT

Kowane kayan wuta yana da ƙarfinsa. Ana rubuta shi a jikinsa, ko a ƙarƙashi, ko a baya. Lamba ce da harafin W a gabanta, kamar 60 W ko 1000 W. Harafin W yana nufin wat.

Ga ƙa'idar: a ninka wat da awowin aiki, a raba da 1000. Abin da ya fita shi ne kilowat. Ƙwan fitila mai wat 100, idan ya yi awa 10 a kunne, ya sha kilowat 1. Dutsen guga mai wat 1000 yana shan wannan kilowat ɗin cikin awa 1 tak.

Ga abin da wasu kaya ke sha a wata mai kwana 30:

Tsohon ƙwai mai wat 60, awa 10 kullum: kilowat 18.
Sabon ƙwai na LED mai wat 9, awa 10 kullum: kusan kilowat 3.
Fanka mai wat 75, awa 12 kullum: kilowat 27.
Talabijin mai wat 100, awa 6 kullum: kilowat 18.
Firigo mai wat 150, injinsa yana aiki awa 8 kullum: kilowat 36.
Risho na lantarki mai wat 1500, awa 2 kullum: kilowat 90.
Kilim mai wat 1000, awa 8 kullum: kilowat 240.
Cajin waya mai wat 5, awa 3 kullum: bai kai rabin kilowat ba.

Wannan jeri yana koyar da abu biyu. Na farko, abin da ke kawo zafi da abin da ke kawo sanyi su ne manyan masu shan wuta: risho, dutsen guga, ƙarfen dafa ruwa, firigo da kilim. Na biyu, wayoyin yara ba su ne ke cinye kuɗin gida ba. Ko waya goma ake cajawa kullum, ba su kai fanka ɗaya ba.

MATAKI NA FARKO: A KARANTA TAKARDA

Kafin a taɓa kome a gida, a zauna a karanta takardar kuɗin wuta, wadda ake kira faktir. Mutane da yawa lambar ƙasa kaɗai suke dubawa, wato jimlar kuɗi. Amma labarin yana sama. A duba abubuwa biyar.

Na ɗaya: suna da lambar kontar. Kowace kontar tana da lambarta a jiki. A gwada ta da wadda ke takarda. A gidajen da kontar ta yi yawa a bango ɗaya, takardar wani tana iya shiga hannun wani.

Na biyu: tsohon awo da sabon awo. A takarda akwai lambar da kontar ta nuna a watan jiya, da wadda ta nuna a wannan wata. A ɗebe tsohuwa daga sabuwa. Misali, tsohuwa 4215, sabuwa 4355. Saura 140. Gidan ya sha kilowat 140.

Na uku: a je gaban kontar a karanta abin da take nunawa yau. Tilas ya ɗan fi sabon awo na takarda, domin kwanaki sun wuce. Idan takarda ta ce 4355, kontar ta nuna 4362, ba laifi. Amma idan takarda ta ce 4855, kontar kuwa tana 4362, an yi kure. An ɗauki 3 a matsayin 8, an ɗora wa gidan kilowat 500 da bai sha ba. Haka kuma 1 da 7 suna rikita ido, musamman idan gilashin kontar ya yi ƙura. A lura kuma: a wasu kontar lambar ƙarshe tana cikin jan gida, ko bayan waƙafi. Wannan ba cikakkiyar kilowat ba ce, ba a haɗa ta cikin karatu.

Na huɗu: kwanakin da takarda ta ƙunsa. A duba ranar tsohon awo da ranar sabo. Takardar kwana 40 ba za ta zo daidai da ta kwana 28 ba. Wani lokaci mai karanta kontar yana tarar da gida a rufe, sai a yi ƙiyasi. Idan ƙiyasin ya yi ƙasa wata biyu ko uku, ranar da aka karanta na gaskiya sai ragowar duka ta faɗo cikin takarda ɗaya.

Na biyar: bashi. Idan akwai wata da ba a biya ba, ko aka biya rabi, ana iya tara shi cikin jimla. Don haka ajiye tsofaffin rasit wajibi ne. Ban da kuɗin kilowat, akwai haraji da kuɗin da ake biya kowane wata ko an sha wuta kaɗan. Kowanne yana da layinsa a takarda.

KILOWAT TA ƘARSHE TA FI TA FARKO TSADA

Akwai wani abu da ke ba mutane mamaki. Gida ya ninka shan wuta sau biyu, amma kuɗi su wuce ninki biyu. Dalili shi ne kuɗin kilowat hawa-hawa ne. A tsarin da aka fara aiki da shi a 2018, mai shan wuta kaɗan yana biyan kilowat da sauƙi. Idan ya wuce wani adadi a wata, kilowat ɗin da ke sama suna shiga hawa mai tsada.

Ga misali domin koyon lissafi kawai. A ce kilowat 150 na farko tamma 70 ne kowace, waɗanda suka biyo baya kuwa tamma 90. Gidan da ya sha 140 zai biya tamma 9.800. Idan bazara ta zo ya sha 280, zai biya 10.500 na 150 ɗin farko, da 11.700 na sauran 130. Jimla 22.200. Ninki biyu na 9.800 kuwa 19.600 ne. Ke nan an samu ƙarin tamma 2.600 saboda hawan. Kuɗin gaskiya na kowane hawa yana rubuce a takardar kowane gida.

Wannan yana nufin ragin da aka yi daga sama shi ya fi riba. Kilowat 30 da aka hana fita a watan zafi sun fi 30 na watan ɗari daraja.

MATAKI NA BIYU: MINE NE YA CANZA A GIDA?

Idan takarda daidai take, to wutar an sha ta. Sai a tambaya: mine ne ya canza?

Kada a gwada watan Afirilu da watan Janairu. A Janairu ana ɗari, fanka tana hutawa. A Afirilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a yawancin ƙasar. Fanka tana kwana tana wuni. Fanka ɗaya mai wat 75 da ke aiki awa 20 kullum tana shan kilowat 45 a wata. Fanka uku, 135. Firigo ma ya fi wahala, domin iskar da ke kewaye da shi mai zafi ce, kuma ana buɗe shi kowane lokaci don ruwan sanyi. Gwajin da ya dace shi ne Afirilun bana da Afirilun bara.

Ɗari ma yana da nasa. Ƙarfen da ake tsomawa cikin bokiti domin ɗumama ruwan wanka ƙarami ne a ido, amma da yawa suna da wat 1000 ko fiye. Idan mutum shida suka yi wanka da shi, kowa minti 20, ya yi awa 2 ke nan. A wata, kilowat 60.

Sai a zauna da mutanen gida duka, a tuna. An sayi sabon kaya? An fara sana'ar ƙanƙara don azumi? An yi biki ko suna, baƙi suka kwana da yawa? Gas ya ƙare, aka koma dafuwa da risho? Yara sun samu hutun makaranta, talabijin na wuni a kunne? Magina sun yi aiki, suka jona injin walda? A yi tambayar cikin natsuwa. Idan mai gida ya shigo da faɗa, kowa zai ɓoye abin da ya sani.

Daga nan a rubuta kayan gida duka a kaye, kowane da wat ɗinsa da awowinsa, a tara. Misali: fanka biyu 54, firigo 36, talabijin 18, ƙwai huɗu na LED 11, guga awa 2 a mako 8. Jimla 127. Idan takarda ta ce 140, lissafi ya yi kusa. Idan ta ce 300, akwai wutar da ke fita ta wata hanya.

MATAKI NA UKU: GWAJIN KASHE KOME

Wannan gwaji da rana ake yin shi, lokacin da akwai wuta. Mutum biyu sun isa. Ɗaya ya tsaya gaban kontar, ɗaya ya zagaya gida.

A kashe fitilu duka da fankoki. A zare kowace waya daga bango: firigo, talabijin, rediyo, caja, famfon ruwa. Kashewa da maɓalli ba ta isa ba, sai an zare, domin wasu kaya suna shan wuta kaɗan ko an kashe su. Kada a manta da fitilar zaure, da ta bayan gida, da ta shago idan akwai.

Sai a dubi kontar minti goma. Abu ɗaya cikin biyu zai faru.

Idan faifai ya tsaya cak, ko fitila ta daina ƙiftawa, wayoyin gida lafiya suke. Mai shan wutar yana cikin kayan da aka zare.

Idan kontar ta ci gaba da tafiya, sai a kashe babban makunni na gida, wanda ake kira dijonkter. A sake dubawa. Idan ta tsaya yanzu, wutar tana fita ne ta wayoyin gidan: ko akwai yoyo, ko akwai wata waya da ta fita waje. Idan kuwa dijonkter yana kashe amma kontar tana tafiya, matsalar ba ta cikin ɗakuna ba ce. Wannan aikin kamfani ne, sai a kai masu labari.

YOYON WUTA

Wuta tana yoyo kamar yadda tulu ke yoyo. Wayar da robarta ta tsufa, ko ɓera ya ci ta, ko ƙusa ta huda ta, idan ta taɓa bango mai laima ko ƙarfe, wuta tana zurarewa cikin ƙasa. An fi ganin haka da damina, a gidajen ƙasa da ruwa ya jiƙa, da wurin da aka binne waya ba cikin bututu ba.

Yoyo ba ya barci. Ko da ƙarfinsa bai wuce na ƙwai ɗaya mai wat 60 ba, dare da rana yake yi, a wata ya kai kilowat 43.

Alamunsa su ne: bango ko ƙofar ƙarfe ko famfo yana jan mutum idan ya taɓa; wani wuri a bango yana da ɗumi; ana jin ƙaurin roba; dijonkter yana faɗuwa da kansa, musamman bayan ruwan sama. Wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, ya kashe dijonkter, ya hana yara zuwa wurin, ya kira mai gyaran wuta wanda ya san aikinsa. A nan maganar ta wuce ta kuɗi. Yoyon wuta yana kashe mutum da dabba, yana tada gobara.

Idan dijonkter yana yawan faɗuwa, kada a ɗaure shi, kada a sa wani ya tsallake shi da waya. Faɗuwarsa gargaɗi ce. Kada a taɓa waya da jiƙaƙƙen hannu ko ƙafa ba takalmi. Idan wuta ta kama mutum, kada a kama shi da hannu. A kashe dijonkter tukuna, ko a ture wayar da busasshen icce.

Ita kuwa wayar da ta fita waje, a bi ta da ido. A duba bayan ɗakuna, da kan katanga, da ƙarƙashin rufi. Wani lokaci tsohon mai gida ne ya ba maƙwabci waya don ƙwai ɗaya. Shekaru suka wuce, maƙwabci ya sayi firigo da fanka, kuma duka suna bisa kontar ɗaya.

MATAKI NA HUƊU: A MAIDA KAYA ƊAYA BAYAN ƊAYA

Idan kontar ta tsaya lokacin da aka zare kome, sai a maida kaya ɗaya-ɗaya. A jona ɗaya, a dubi kontar minti biyu, a ƙirga juyin faifai ko ƙiftawar fitila, a rubuta. A zare shi, a jona na gaba. Wanda ya sa kontar gudu ya nuna kansa.

Da wannan hanya ana iya gwada ita kontar ma. A fuskarta akwai lamba da ke faɗin ƙiftawa nawa ke yin kilowat ɗaya. Idan an rubuta 1000, to ƙwai mai wat 100 shi kaɗai zai sa ta ƙifta sau 100 a awa, wato sau 10 cikin minti 6. Idan ta yi sau 20, akwai abin da za a kai wa kamfani.

Mafi yawan lokaci, mai laifin firigo ne ko babban konjelater na ƙanƙara. Lafiyayyen firigo yana aiki, ya huta, ya sake tashi. A saurare shi da dare. Idan injinsa ba ya yin shiru ko kaɗan, wanda ya kamata ya sha kilowat 36 zai sha 108. Ga abin da za a duba:

A sa ƴar takarda a bakin ƙofa a rufe. Idan ta zare ba wuya, robar ƙofar ta mutu, sanyi yana fita. A canza ta.
A share ƙurar ƙarafan baya. Ƙurar hunturu tana rufe su, zafi ya kasa fita.
A janye shi daga bango kamar taƙi ɗaya. Kada a ajiye shi a rana ko kusa da murhu.
Idan ƙanƙara ta yi kauri a jikin bangonsa na ciki, a kashe shi ta narke. Kada a fasa ta da wuƙa.
Kada a sa abinci ko kunu da zafinsa.

Mai sana'ar ƙanƙara ta yi lissafinta dabam. Konjelater mai wat 200 da ke aiki awa 12 kullum yana shan kilowat 72 a wata. Idan ba ya hutawa, 144. Ta fidda wannan daga cikin ciniki kafin ta ce ta ci riba.

Famfon ruwa mai inji shi ma a lura da shi. Idan bututu yana yoyo, ko abin da ke tsaida shi ya lalace, yana tashi shi kaɗai dare da rana.

MATAKI NA BIYAR: KAYE NA KWANA BAKWAI

Wani abu ba ya fitowa a gwajin rana ɗaya. Don haka a ware shafi a kaye. Kullum bayan sallar asuba a karanta kontar, a rubuta rana da lamba. A ɗebe ta jiya daga ta yau. Misali:

Litinin 4362
Talata 4367, an sha 5
Laraba 4372, an sha 5
Alhamis 4377, an sha 5
Juma'a 4388, an sha 11

Daga safiyar Alhamis zuwa ta Juma'a an sha fiye da ninki biyu. Mine ne aka yi ranar Alhamis? Wataƙila gugar kayan Juma'a ce ta gidan duka, aka kuma dafa abinci da risho. Yanzu an san inda za a rage.

Idan ana so a san ko da dare ne wutar ke tafiya, a karanta sau biyu: da asuba da kuma bayan isha'i. Yaron da ke makaranta yana iya riƙe wannan aiki.

Masu kontar da ake saya wa wuta kafin a sha, su ma wannan hanya za su bi. Bambanci ɗaya ne: tasu lambar raguwa take yi. A rubuta kilowat nawa aka saya, da ranar da aka sa su, da ranar da suka ƙare.

GIDAN HAYA MAI KONTAR ƊAYA

Inda iyali uku ko huɗu ke bisa kontar ɗaya, rigima ta fi yawa. Raba kuɗi daidai wa daida ba adalci ba ne, idan wani yana da ƙwai biyu da fanka, wani kuwa yana da konjelater. Ƙirga ƙwai ma ba ya isa, tunda risho ɗaya ya fi ƙwan LED talatin sha.

Abin da ya fi shi ne a zauna tare, a rubuta kayan kowane ɗaki da lissafin kilowat ɗinsu, a raba kuɗi bisa wannan. Wanda ya kawo sabon kaya ya faɗa. A tuna kuma, idan gidaje da yawa suka taru bisa kontar ɗaya, da wuri suke shiga hawa mai tsada. Wanda ke da hali, ya nemi kontar tasa daga kamfani.

ZUWA OFISHIN KAMFANI

Idan an gano kure a takarda, ko ana shakkar kontar, kada a zauna gida ana fushi har ranar biya ta wuce. A je ofis da wuri. A tafi da takardar wannan wata, da tsofaffin takardu da rasit, da kaye. Idan akwai waya mai hoto, a ɗauki hoton kontar yadda lambobi za su fito sosai. A nemi a sake karanta kontar, ko a zo a gwada ta. A rubuta ranar da aka kai kuka. Duk kuɗin da aka biya, a karɓi rasit. Kada a ba kowa kuɗi a hanya don ya "gyara" takarda.

Idan lissafi ya nuna wutar an sha ta da gaske, amma kuɗin sun fi ƙarfin gida, a je a faɗi haka tun kafin a yanke, a nemi a raba biyan. Maida wuta bayan an yanke wani kuɗi ne dabam.

Abu ɗaya ne ba a yi ko kaɗan: buɗe kontar. Tana da hatimi na kamfani. Wasu suna yawo suna cewa za su iya rage mata gudu. Wannan satar wuta ce, kuma dokar wutar lantarki ta 2016 ta tanadi hukunci a kanta. Wanda aka kama zai biya fiye da abin da ya so ya tsira da shi, ban da haɗarin gobara. Akwai kuma hukumar ARSE, wadda aka kafa a 2015 domin sa ido bisa sha'anin makamashi da kare haƙƙin masu saye.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Mai gidan da ke karanta kontarsa sau ɗaya a mako ba ya jiran takarda ta ba shi tsoro. Tun tsakiyar wata ya san inda aka nufa, yana da lokacin ragewa. Wanda ya koyi wannan lissafi a makarantar yaƙi da jahilci, ya taimaki maƙwabcinsa da bai iya ba tukuna. Malaman makarantun manya kuma suna iya cewa kowane ɗalibi ya zo da takardar wutar gidansu, a karanta ta tare a allo.